Tsimin ɓawon hano ya yi aiki a gwajin asid amma ya ƙi a farantin zafi, aikina ya lalace kenan?

Ɗalibin_Famasi:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu aikin lab da malamanmu da ke nan ina neman shawara, abin ya tsaya min a rai.

Furojet ɗina akan ɓawon hano ne, wanda wasu ke ce wa ararraɓi, na zaɓe shi ne saboda a wajenmu shi ake dafa wa tsofaffi masu ciwon gwiwa da sanyin ƙashi kuma suna yabonsa sosai. Na kai samfur habariyom, wato ma'ajiyar samfurin tsirrai, an tabbatar min Boswellia dalzielii ne an bani lamba, na shanya a inuwa aka daka, na jiƙa a mitanol (sinadarin lab da ake tatso abin da ke cikin tsiro da shi) kashi 70 na awa 72, na tace na busar, shine tsimin nawa. Gwajin guba na yi da hanyar Lorke, ba ɓeran da ya mutu har 5000 mg/kg ta baki, shine na ɗauki 250 da 500 da 1000 mg/kg, wato miligiram na tsimi a kowane kilo na nauyin ɓera, a matsayin awon da zan gwada.

Gwajin farko na asetik asid ne, wanda ake yi wa ɓera allura a ciki a zauna ana ƙirga sau nawa ya murɗe yana miƙe ƙafafun baya, wlh sakamakon ya yi kyau, murɗawar ta ragu sosai musamman a 1000, har ya kusa kamo fairoksikam, maganin ciwo da kumburi na asibiti da nake kwatantawa da shi. To da na zo farantin zafi, wanda ake ɗora ɓera a kai a ga tsawon lokacin da zai jure, sai labari ya sha bamban, waɗanda suka sha tsimin suna lasar ƙafa suna tsalle lokaci ɗaya da waɗanda aka ba ruwa zalla, morfin kaɗai ya nuna bambanci.

Yanzu wani abokina na cewa in cire farantin gaba ɗaya daga rahoton in rubuta cewa hano na kashe raɗaɗi shikenan tunda na asid ya fito, wani kuma ya ce in ƙara awon zuwa 2000 ko zai fito. Ni zuciyata bata kwanta da ko ɗaya ba. Sannan akwai abin da na lura da shi, ɓerayen da suka sha 1000 suna lafewa a lungun keji basa yawo kamar sauran, bansan ko yana da alaƙa ba. Kuma a gida da ruwa ake dafa shi a jefa jar kanwa, ba wanda ya taɓa shan mitanol, wannan ma yana damuna. Me ya kamata in yi?

Baba_na_Lab:

Wa alaikumussalam. Ƙanena kwantar da hankalinka aikinka bai lalace ba, kuma kar ka kuskura ka cire farantin nan daga rahoto, cire sakamakon da bai yi maka daɗi ba ha'inci ne ko da wa ya baka shawarar.

Gwaje-gwajen nan biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Shi faranti tun da Eddy da Leimbach suka inganta shi a 1953 an fi amfani da shi ne wajen magungunan da ke aiki a ƙwaƙwalwa da laka irin su morfin. Ka ɗora ɓera a digiri 55, cikin 'yan daƙiƙu ya lashi ƙafa, ba a kai ga wani kumburi ba ma, to maganin da aikinsa hana kumburi ne me zai tare a nan? Ko asfirin ka ba shi ko fairoksikam ɗin naka ba za ka ga abin kirki ba. Don haka abin da farantin ya faɗa maka shine tsiminka ba ya aiki irin na morfin a wannan awon, kuma wannan amsa ce mai kyau, rubuta ta yadda take.

Inda nake so ka fi sa ido shine na asid ɗin da kake murna da shi. Gwajin nan yana da saurin nuna aiki, shi ya sa kowa ke fara wa da shi, amma ba ya tantancewa. Asid ɗin na fusata fatar cikin ɓera ne jiki ya saki firostagilandin da 'yan uwansa, wato sinadaran da ke kawo zafi da kumburi, shine yake murɗewa. To maganin barci ma na rage murɗawar, maganin sakin jijiya ma na ragewa, har wasu magungunan mura. Ka ce 'yan 1000 ɗinka na lafewa a lungu, to ka ga ai dole ka tambayi kanka, zafin ne ya ragu ko kuwa ɓeran ne jikinsa ya mutu ya kasa murɗawa? Wannan lurar da ka yi ta fi komai daraja a duk bayaninka. Ka gwada su a tafiya kan sanda ko rotarod, wato sanda mai juyawa, idan kuna da shi, ka sa dayazifam, maganin barci da sakin jiki, a matsayin ma'auni, in suna zamewa suna faɗowa kamar 'yan dayazifam to sakamakon 1000 ɗin nan ba za ka dogara da shi ba. Ƙara awo zuwa 2000 kuwa ƙara dagula lissafin ne kawai.

Bayan haka sai gwajin fomalin, wanda ake yi wa ɓera allurarsa a tafin ƙafa a ƙirga tsawon lokacin da yake lasar ta. Shi ne zai raba maka gardama domin yana da zango biyu, minti 5 na farko zafin jijiya ne kai tsaye, sai ɓeran ya ɗan huta, daga wajen minti 15 zuwa 30 kuma zafin kumburi ya taso. Morfin na danne duka biyun, su fairoksikam da dikilofenak na biyun suke dannewa. Idan hano ya bar na farko ya danne na biyu to ya yi daidai da abin da faranti ya nuna maka kenan. Sannan allurar karajinan, sinadarin da ke haddasa kumburi, a tafin ƙafar babban ɓera, 0.1 ml na kashi 1, ka riƙa auna kumburin duk awa har awa 5, a awannin farko histamin da sirotonin ne ke aiki, daga wajen awa 3 ne firostagilandin ke karɓa, saboda haka lokacin da tsimin ya fara nuna kansa ma labari ne. In babu karajinan wasu na amfani da ɗanyen farin ƙwai, yana kumbura ƙafa shima amma na karajinan ya fi karɓuwa.

Abu ɗaya da nake ta fama da ɗalibai a kansa, wanda ya ba da magani kar ya zama shi ne mai ƙirga. Ka samu wani ya sa wa kejin lamba ya ɓoye maka wanne ne wanne. Ba wai zarginka nake ba, amma idon mutum in yana son abu ya fito sai rabin murɗawa ta zama ba murɗawa ba a rukunin tsimi, ta zama cikakkiya a rukunin ruwa, kuma shi kansa bai san yana yi ba. Haka auna ƙafa da baniya kalifa, wato ma'aunin kauri, ɗan matsawa kaɗan ya canza lambar.

Ɗan_Gargajiya:

Ni fa ku yi haƙuri abin nan na bani takaici. Itacen da iyaye da kakanni suka sha shekaru aru-aru suka samu lafiya, yau sai ɓera ne zai ba shi shaida? In ɓera ya lashi ƙafa shikenan kakanninmu ƙarya suka yi? Kuma ana gama binciken a buga a turanci, Turawa su ɗauka su mayar ƙwaya su dawo su sayar mana da tsada, mai maganin da ya nuna itacen ko sisi bai gani ba. Ni banga amfanin wahalar da dabbobin Allah ba akan abin da an riga an sani.

'Yar_Mai_Magani:

Ɗan_Gargajiya rabin maganarka gaskiya ce, wajen cewa ana manta mai maganin, wannan kam na gani da idona. Mahaifina sana'arsa kenan ya gada, ɗalibai na zuwa wajensa da littafi da biro su tambaye shi ya faɗa musu tsakani da Allah, har daji yake raka wasu, daga ranar ba ka ƙara jin ɗuriyarsu, ko su dawo su ce Baba ga abin da muka gani. Wannan ba daidai bane kuma Ɗalibi dan Allah kar ka zama cikinsu.

Amma cewa an riga an sani, a'a. Baba da kansa zai ce maka akwai wanda ya ba hano ya ji daɗi akwai wanda ya sha bai ga komai ba, kuma yana so ya san dalili. Ciwon gwiwa dama yana tashi yana lafawa, da sanyi ya tsananta da zafi ya yi sauƙi, mutum kuma sai ciwo ya kai maƙura yake neman magani, to in ya sha ya samu sauƙi bayan kwana biyu wa ya san ko maganin ne ko dama lokacin lafawarsa ne ya zo? Wanda ya warke shi ke dawowa godiya, wanda bai warke ba ya wuce wani wajen ba a sake ganinsa. Gwaji ba ƙaryata kakanni bane.

Ɗalibi maganar mitanol da ka kawo ita ta sa na shigo. Ka jiƙa a mitanol ka ce ka gwada maganin da ake sha a gida, kamar ka ɗanɗani ɗanyen gari ne ka ce ka san daɗin tuwon. Ba a shan ɓawo, ruwan dahuwarsa ake sha. Kuma kanwar nan ba don ɗanɗano ake sa ta ba, duk wanda ya taɓa jefa kanwa a tukunyar sassaƙe ya ga yadda ruwan ke rikiɗa ya yi duhu nan take, ai wani abu ne ya fito ko ya canza. Sannan su masu abin suna da ƙa'idojinsu, ɗanye ko busasshe, yawan ruwa, sau nawa za a mayar da tukunya wuta kafin a zubar da sassaƙen, a sha kafin abinci ko bayan, wani ma a kunu ake damawa. Mafi yawa ma ba a ba da hano shi kaɗai, akwai mahaɗi. Ka koma wajen wanda ya san shi ka zauna ka ga yadda yake yi, ka auna komai a gabansa, ka yi irinsa sak a matsayin rukuni guda kusa da na mitanol ɗinka.

Kuma su ma sun san akwai masu haɗari. Itacen sanya da ake ce wa uwar magunguna, Baba baya barin kowa ya ɗebi saiwarta da kansa, mai ciki kuwa ko kusa. In ka kankare saiwar za ka ji ƙamshin man zafi sak.

Sai roƙo na ƙarshe, in za ku sassaƙi ɓawo kar ku zagaye itacen, gefe ɗaya ake ɗiba a bar sauran ya warke. Wanda aka yi wa zobe bushewa yake.

Famasis_Kn:

Hajiya Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Ƙamshin da kika ji a saiwar sanya ba kama bace kawai, sinadarin ne da kansa, mitail salisilet, wanda ke cikin man zafin da ake shafawa, ɗan gidan su asfirin ne. Kuma shi ma in ya yi yawa a ciki guba ne, to kin ga hanin da Baba ke yi yana da tushe.

Ɗan_Gargajiya, ai magungunan ciwo manya da muke da su daga itatuwa suka fito kuma ta wannan hanyar da kake ƙi. Morfin daga ƙaron wani fure mai suna popi aka ciro shi a farkon shekarun 1800. Asfirin asalinsa ɓawon itacen wilo ne da Turawa ke sha don zazzaɓi da ciwon jiki, kamfanin Bayer ya haɗa shi a 1897, amma sai 1971 John Vane ya gano cewa firostagilandin yake hanawa, shekara sama da 70 ana sha ba a san yadda yake aiki ba. Kuma sanin ne ya bayyana dalilin da ya sa yake cin ciki, domin firostagilandin ɗin da ke kawo kumburi a gwiwa danginsa ne ke kare bangon ciki. Ɗalibi ka riƙe wannan, in ya tabbata hano ta wannan hanyar yake bi to dole a duba cikin ɓerayen a ga ko yana kawo olsa, tunda masu shansa tsofaffi ne kuma wata da watanni suke sha.

Maganar yadda ake haɗawa kuma akwai misali babba. Tu Youyou ta ƙasar Sin da ta samu kyautar Nobel a 2015 akan atemisinin na zazzaɓin cizon sauro, daga wani ɗan uwan tazargade ta ciro shi, da farko sakamakonsu yau ya fito gobe ya ƙi, sai da ta koma wani tsohon rubutun likitancinsu ta ga an ce a jiƙa a ruwa a matse a sha, ba a ce a dafa ba, shine ta gane zafi na iya lalata shi ta sauya hanya. Wato bayanin mai magani akan yadda ake yi wani ɓangare ne na binciken.

Yanzu lissafin da ɗalibai ba sa son yi. 1000 mg/kg a ƙaramin ɓera in za ka mayar da shi na mutum ana rabawa da 12.3 ne, ya zama wajen 81 mg/kg, mutum mai kilo 60 kenan kusan giram 5 na busasshen tsimi a sha ɗaya. A ce misali ɓawonka kashi 10 yake bayarwa, to giram 50 na busasshen ɓawo kenan a tatse shi tas a shanye lokaci guda. Tsohuwar da ke shan kofi ɗaya safe da yamma tana kaiwa nan? In ba ta kaiwa to abin da ya faru a 1000 ba shi ke faruwa a jikinta ba. Ni na fi ganin darajar ɗan tasiri a 100 ko 250 akan babban tasiri a 1000.

Sai zancen Lorke. Hanyar nan ta 1983 ɓeraye 13 take ci, kuma abin da take faɗa maka kawai shine ko sha ɗaya na kisa nan kusa. Ba ta ce komai akan ƙoda da hanta bayan wata uku. A Beljiyam a farkon shekarun 1990 mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace bayan sun sha wani haɗin rage ƙiba a wani asibiti a Burasels, aka gano an sa musu wani tsiro na dangin Aristolochia a madadin wani, wasu sai wankin ƙoda da dashe, wasu daga baya kansar mafitsara da hanyar fitsari ta fito musu. Ba wadda ta faɗi a ranar da ta sha. Kuma dangin tsiron nan muna da shi, duman dutse da ake sayarwa a kasuwa Aristolochia ne. Don haka dan Allah kar ka rubuta cewa hano bashi da illa, rubuta cewa bai kashe ba a sha ɗaya har 5000, in da hali a yi na kwana 28 a duba jini da ƙoda da hanta.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya a kanti shine masu zuwa da fuska a kumbure, suga ya hau, ka tambaya su ce ba sa shan komai sai wani garin maganin sanyi na gargajiya mai aiki kamar yankan wuƙa. An sha kama irin waɗannan haɗe-haɗen a ƙasashe da dama an samu an daka ƙwayoyin asibiti irin su deksametazon ko dikilofenak a ciki. Masu yin haka su ke ɓata sunan irin su Baban Hajiya. Lambar NAFDAC ma da ake gani a jikin maganin gargajiya mai harafin L a ƙarshe, rajistar cewa an duba lafiyar shansa ce, ba shaidar cewa yana warkar da abin da aka rubuta a kwalin bane, mutane da yawa basu san wannan ba.

Hano kuwa yana da dalilin da za a sa rai da shi, ɗan uwansa na Indiya, Boswellia serrata, an yi gwajinsa har a jikin mutane masu ciwon gwiwa. Amma can ƙaron itacen ake amfani da shi irin na lubban, kai kuma ɓawo ka ɗauka kuma wani jinsin ne daban, kar ka kwaso sakamakonsu ka ɗora wa naka.

Ɗan_Marwa:

Salam. Ni daga arewacin Kamaru nake, bari in baku labarin da ya faru da saiwar tafashiya a yankinmu don Ɗalibi ya san inda zai ɗebo samfur.

A 2013 wasu masu bincike na Faransa da abokan aikinsu na Kamaru suka buga cewa sun samu tiramadol a ɓawon saiwar tafashiya, Nauclea latifolia kenan, wadda mutanenmu dama suna sha don ciwo da zazzaɓi. Tiramadol fa, wanda kamfanin Grünenthal na Jamus ya ƙirƙira a lab ya fara sayarwa a 1977. Kuma ba aikin wasa suka yi ba, sun bi tsimin kashi-kashi suna gwadawa a ɓeraye har suka kai ga sinadarin da ke kashe zafin. Labari ya zagaya duniya cewa ashe Allah ya riga ya halicce shi a itace.

A 2014 sai ƙungiyar Michael Spiteller ta Dortmund a Jamus, su ma da 'yan Kamaru, suka bi sawu. Suka ɗebi saiwa a kudu babu komai, suka ɗeba a arewa mai nisa akwai, kuma ba a tafashiya kaɗai ba, har a saiwar wasu itatuwan da ba ruwansu, da ƙasar wajen, da ruwa. Sannan suka samu burbushin da sai ya bi ta cikin jikin mutum ko dabba yake zama haka. Dalili kuwa mu nan mun san shi, ana ba shanun huɗa tiramol don su jure aiki, masu aikin ma suna sha, dabba ta fake a inuwar itace ta yi fitsari, saiwa ta tsotsa. Masu binciken farko basu yarda nan take ba an yi ta muhawara, sai a 2016 aka auna kabon-14, wani nau'in kabon da ke cikin iska. Abin da tsiro ya haɗa da kansa yana ɗauke da shi tunda daga iska ya samu, wanda aka haɗa daga man fetur kuwa babu. Tiramadol ɗin da aka samu a ƙasar ya fito na masana'anta.

To in masu manyan na'urori haka ta same su, kai mai jiƙa a kwalba fa? Ɓawonka a ina ka samo, kai ka sassaƙo ko a kasuwa ka saya? Wajen makiyaya ne ko bakin gona da ake feshi? A ina aka daka, turmin ko injin me aka niƙa da shi kafin naka? Ka rubuta wuri da watan da ka ɗeba, in da hali ka ɗebo daga wuri biyu masu nisa da juna ka ga ko za su ba da abu ɗaya. Naka ma da bai nuna a faranti ba alama ce mai kwantar da hankali ta wannan fuskar, da akwai irin su tiramol a ciki da yawa da ka gani a can.

Ɗalibin_Famasi:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, wlh na samu natsuwa. Ɗan_Marwa ni na sassaƙo da kaina a kan dutse nesa da gari, a turmin lab aka daka. Anti 'Yar_Mai_Magani insha Allah zan koma wajen dattijon da ya nuna min in ga dahuwar da idona kuma zan kai masa sakamakon da Hausa. Farantin zai zauna a rahoto.

Baba_na_Lab saura tambaya ɗaya ranka ya daɗe, kuɗin ɓeraye ya yi tsada kuma daga aljihuna ne, bazan iya yin duka ba. Wanne zan fara? Kuma shi ruwan dahuwa ya zan san awon da nake bayarwa tunda ba gari bane da zan ɗora a sikeli?

Baba_na_Lab:

Fara da tafiya kan sanda, ba ya cin komai kuma ba ya cutar da dabba, in sufabaizanka ya yarda ɓerayen da ka yi shi da su za su iya hutawa su shiga wani gwajin. Daga nan fomalin, tunda gwaji ɗaya amsa biyu. Karajinan in kuɗi ya ragu. Kar ka rage yawan ɓeraye a rukuni don ka samu yin gwaji da yawa, 5 ko 6 a kowane rukuni shine ƙaranci, gara gwaji biyu masu ƙarfi da huɗu da ba za a iya fassarawa ba, dabbar ta sha wahala a banza kenan. Kuma ka mayar da takardarka wajen kwamitin kula da dabbobi a ƙara fomalin ɗin kafin ka fara, izinin da aka baka na farko bai rufe shi ba in ba ka rubuta shi ba.

Ruwan dahuwa kuma ba wuya. Auna ɓawon da dattijon ya ɗiba, auna ruwan, auna kanwar, riƙe lokacin da ya yi a wuta. In an tace sai ka ɗebi 10 ml ka zuba a ƙaramin kwanon da ka riga ka auna nauyinsa, ka busar ƙarƙashin digiri 50 har nauyin ya daina sauka, bambancin shine abin da ke cikin 10 ml, daga nan ka san mg nawa ne a kowane ml. Ka auna kofin da ake sha da shi ma, sai ka juya lissafin da Famasis ya yi, ka ninka da 12.3 maimakon rabawa, ka samu awon ɓera da ya yi daidai da abin da mutum ke sha da gaske, shi zai zama awonka na tsakiya. Ta baki za ka bayar ba allurar ciki ba, kuma ka dafa sabo duk ranar gwaji don yana saurin lalacewa.

Ka tabbata akwai rukunin da zai sha ruwan kanwa zalla mai yawan da ke cikin dahuwar, da wani da zai sha dahuwar da ba kanwa, in ba haka ba duk abin da ya fito ba za ka san na hano ne ko na kanwa ba. In ka samu na fomalin ka kawo lambobin zango na farko da na biyu daban-daban mu duba tare.